Surukina Mai Awon Mayen Ƙarfe

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kuma ba a tambayar kowa ko ya shirya. Baba ya koma a kakar bana, ana tsakiyar yankan gero, wata ranar Talata da hantsi. Baba shi ne mahaifin maigidana. Gidansa na unguwar Zariya a nan Maraɗi aka kawo ni amarya daga Tsibiri, a nan na haifi 'ya'yana, a nan kuma furfura ta same ni. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, amma ba gwanintar rubutu ce ta sa na ɗauki biro ba. Kunya ce ta hana ni sukuni, na ga in ban sauke ta a wani wuri ba za ta zame mini ciwo.

Mutane sun zo, ba zan yi wa gari ƙage ba. Maza sun yi sahu a ƙofar gida, liman ya sallace shi, aka kai shi makwancinsa. Amma mu da ke cikin gida mun ga abin da maza ba su gani ba. Matan unguwa sun zo, ba ko ɗaya mai goyo. Duk wanda ya taɓa zaman makoki a garin nan ya san ba a raba shi da kukan jarirai da yara masu tattaka mutane, amma namu shiru. Suka jeru a tabarmar da ta fi kusa da ƙofa, kowace takalminta a gefen ƙafa. Muka zagaya da ruwan sanyi, wannan ta ce azumi take, waccan ma azumi. Ranar Talata fa. Ban san matan unguwarmu sun kai nan a ibada ba sai ranar. Gumbar sadaka da muka raba kuwa, washegari na gan ta a bakin kwata, kaji suna biki.

Wata tsohuwa da muke mutunci da ita ta riƙe hannuna, idonta cike da ƙwalla, ta ce, "Sai haƙuri, ɗiyata. Shi ma ba da son ranshi ba ne. Allah shi yahe mishi waɗanda ya ci." Ita a zuciyarta addu'a ta yi mana. Na ce amin, don ban san abin da ake cewa ba in ba amin ba.

Waɗanda suka yi kuka na gaskiya ba su da yawa. Akwai tsofaffi biyu daga Jiratawa, garin haihuwarsa, maƙwabtan garkarsa, wato lambunsa, da suka zauna a zaure suka kasa ko gaisuwa. Akwai kuma wata Baturiya, tsohuwar abokiyar aikinsa, da ta kira maigidana a salula daga Faransa tana sheshsheƙa. Ina kusa, na ji ta tambaye shi ko gari ya fito wa Baba yadda ya cancanta. Maigidana ya ce ƙwarai kuwa, gari duka ya fito. Da ya kashe wayar bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Ba mutuwar kaɗai ke cin zukatanmu ba. Ɗiyata ta biyu, wadda Baba ke kira amaryarsa irin wasan kaka da jika, tana da manemi, ɗan gidan wasu Alhazai masu fataucin hatsi da atamfa. Yaron yana sonta, ita ma ba ta ganin kowa sai shi. Tun bara ya kamata magabatansa su zo, sai suka ce suna bincike. Kowa ya san abin da ake bincike. Ba halinta ba ne, ba addininta ba ne, sunan da gari ya laƙaba wa kakanta ne: Maye. Mun san za su aiko matansu su yi mana ta'aziyya, mun kuma san a zaman nan za a yi ta ta ƙare, ko a sa rana ko a fasa.

To bari in faɗi inda sunan ya samo asali, don na ga yaran yanzu sun ɗauka da shi aka haife shi.

Baba yana cikin 'yan ƙauyen da aka kama aka kai lakwal iyaye na kuka. Kansa ya ja, aka tura shi Yamai, daga can Faransa. Ya yi mafi yawan rayuwarsa a wani gari na cikin duwatsu, yana aiki a wata cibiyar bincike, yana zuwa mana hutu jefi-jefi da akwati cike da sabulu da alewa. Lokacin ba wanda ya damu da aikinsa. Ana cewa yana Turai, magana ta ƙare. Sai da ya ajiye aiki, Inna uwar maigidana ta riga ta rasu, ya dawo gida gaba ɗaya, ya fara zama da dattawa a ƙofar masallaci bayan la'asar, sannan wani ya tambaye shi wai shin wane aiki ya ci ƙuruciyarsa haka.

Baba mutum ne mai kishin Hausa. Bai yarda a ce akwai abin da Faransanci zai faɗa Hausa ta kasa ba. Sai ya gyara zama ya ce musu, "Ni tunda nike, mayen ƙarhe nike wa aiki. Muna duba cikin abu ba mu hwasa shi ba, mu ga inda maitarshi take kwance." Mutanen suka yi dariya, don kowa ya san mayen ƙarfe, abin nan da yara ke cirowa daga tsohuwar rediyo suna jan ƙusa da shi. Aka fara ce masa Alhaji Mayen Ƙarfe, shi ma yana amsawa da fara'a.

Liman abokinsa ne tun ƙuruciya, shi ya fara hango abin. Na ji su daga tsakar gida suna gardama a zaure.

"Ka riƙa cewa maganaɗisu mana," in ji liman. "Kalma ce mai tsabta, tana cikin littattahwai."

"Kakana bai san maganaɗisu ba," in ji Baba. "Mayen ƙarhe ya sani. In aro kalmar Larabawa alhali ga tamu?"

"Tamu tana da haƙora. Mutanen ga ba su jin magana duka, rabinta suka ɗauka su tahi."

"To su zo in cika musu sauran."

Liman ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Sun yi mako ba su gaisa da kyau ba, sannan suka shirya a kan ƙwaryar fura.

Ni abin da na sani na aikinsa, ta bayan fage na same shi. Tsakanin suruka da suruki ba a zama a yi hira. In zai gaya mini abu, sai ya gaya wa amaryarsa da ƙarfi yadda zan ji. Wata rana ina tankaɗe a gindin bishiyar bedi, yarinyar tana 'yar lise lokacin, wato sakandare, ta tsare shi sai ya gaya mata yadda ake ganin cikin ƙarfe. Ya ce ta ɗauko dardumarsa mai 'yar allurar nan ta nuna alƙibla.

"Duk abin da kika gani," ya ce, "in an bi shi ciki-ciki, ƙwayoyi ne ƙanana da ido bai kai gare su. A cikin ƙarhe kowace ƙwaya na da 'yar allura irin wagga. In duk sunka dubi wuri guda kamar sahun salla, ƙarhen ya zama maye, shi ja ƙusa. Akwai kuma wanda allurorinshi ke ba juna baya, wagga gabas, maƙwabciyarta yamma. Daga waje bai jan komi, amma abin na nan ciki."

"To ku ya kuke gani, tsohon angona?"

"Muna harba mishi wasu ƙwayoyi da aka kira nutiron, daga tukunyar nukiliya suke hitowa. Su ba ruwansu da bango, ratsawa suke. Amma su ma kowace da 'yar allurarta, sai allurorin ƙarhen su karkata su. Mu muna can baya da na'ura, muna ƙirga inda kowace ta hwaɗa. Daga yadda sunka watsu muke gane yadda sahun ciki ya tsaya."

Ya ce shi aikinsa ma ba harbin ba ne, gyaran idon na'urar ne. Sau da yawa abu biyu ne kusa da juna, amma na'ura ta nuna su a dunƙule kamar ɗaya, shi kuma sai ya yi ta fama har su rabu. Sai ya nuna ni da haɓa, ba tare da ya dube ni ba. "Dubi uwarki. In ta sa rariya mai manyan idanu, gari shi sauka da yawa, maza-maza, amma da tsaki ciki. In ta sa ta laushi, gari shi yi kyau, amma kaɗan-kaɗan, sai ta daɗe tsugune. Haka nutiron. In kin tace su kin bar masu gudu iri guda kaɗai, awo shi hito tsab, amma sun ragu, sai ki kwana biyu kina jiran abin da za ki ƙirga." Shekarunsa masu yawa, in ji shi, sun tafi ne wajen neman laushi ba tare da an zubar da gari ba. Akwai wata dabara da ya fi so, wadda ake murza allurar kowace nutiron kamar zare kafin ta shiga ƙarfen, in ta fito a warware. Ɗan abin da ya rage bai warwaru ba, shi ne abin da ƙarfen ya yi mata, komai ƙanƙantarsa. Yana faɗa yana murza gefen rawaninsa, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa keke. Ni kuwa na gama tankaɗen tuni, ina ta kaɗa rariya ba komai a ciki don kada in tashi.

Wannan aikin ya bar masa hali mai wuyar zama da shi, wannan ma sai a faɗa. Ba a ce wa Baba "an ce". Yanzu zai tambaye ka, "Wa ya auna?" Ba a ce masa abu ya kusa, sai ya ce kusa da nawa. In mai awon gero ya cika tiya ya yi mata tozo, sai ya tambaye shi tozon jiya da na yau ɗaya ne? Maigidana ya sha tsere wa zaure saboda irin waɗannan tambayoyi. Yana da wata magana da yake yawan yi in an kawo masa tsegumin wani: "Daga nesa mutum biyu mutum guda ne. Matsa kusa tukuna." Mukan yi masa dariya a bayan ido, ni har kwaikwayonsa nake yi wa yara in ya fita.

Yana da wani ɗan gwangwani na alewar tari da yake ajiye wasu 'yan duwatsu a ciki, baƙaƙe masu ƙyalli, ba su fi ƙwayar wake ba. A ɗakin bincike suka haɗa su da hannunsu don gwaji, waɗannan su ne ba su yi kyau ba, ya taho da su don tunawa. Yana son yara, yaran unguwa kuma sun san aljihunsa ba ya rabo da alewa. In sun taru sai ya buɗe gwangwanin ya nuna musu wanda ke bin ƙusa da wanda ba ya bi. Wata rana wata maƙwabciya ta shigo neman garwashi ta tarar da su a haka. Ta leƙa, ta ja ɗanta da ƙarfi har ya faɗi, ta fita ba garwashin. Kafin magariba labari ya zaga cewa an ga ƙanƙarar maita a gidanmu, irin wadda ake cewa maye na amayowa ya ɓoye.

Magana zarar bunu ce. Ban san ranar da ƙarfen ya faɗi daga sunan ba, na dai farga ya faɗi. Na hau kabu-kabu daga babbar kasuwa na yi wa yaron kwatance, sai ya ce, "A'a, Hajiya, ki ce mini kwanar gidan Maye kawai." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsofaffin da suka yi dariya a ƙofar masallaci sun san asalin maganar, amma wasu sun mutu, wasu sun ga ba su da riba a gardama. Sababbin zuwa unguwa kuma abin da suka tarar suka ɗauka: ga mutum da bakinsa ya ce yana ganin cikin abu bai fasa ba, ga ƙanƙara a gwangwani, ga shi yana tara yara. Aka ce ruwa ba ya tsami banza. In ya fito masallaci, yaran da suka sha alewarsa su ne ke laɓewa bayan katanga suna ihu, "Kurwata kur! Ka ci kanka, ka sha baƙin ruwa!" Shi kuwa ya ɗaga musu hannu ya wuce. Liman ya yi huɗuba a kan haramcin jifan Musulmi da maita, kowa ya girgiza kai ya shafa fatiha, aka fito aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Duk da haka da abin ya tsaya a tsegumi, da wataƙila ya mutu da kansa. Abin da ya kafa shi ya faru ne wata damina. A bayan gidanmu akwai wata yarinya matashiya, mijinta ya tafi ci-rani, tana da 'yar ɗiya guda. Zazzaɓi ya kama ɗiyar, ya hau mata kai, ta fara sambatu tana kiran Baba mai alewa. A wurin mutanenmu wanda maye ya kama shi ke kiran sunan mayen. Da hantsi sai muka ji hayaniya a ƙofar gida. Na leƙa ta zaure na ga jama'a, uwar a gaba ba ko mayafi, ta shimfiɗe ɗiyar a ƙasa, jikinta na karkarwa, idanu sun juye.

Maigidana ya ɗauko salula zai kira 'yan sanda. Baba ya riƙe hannunsa, ya fita. Ya durƙusa ya taɓa goshin yarinyar, ya buɗe idonta ya duba.

"Wannan zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai," ya ce. "Ku kai ta likita yanzu-yanzu. Ba ta da lokaci."

"Ba inda za ta!" in ji uwar. "Sai ka tsallake ta! Ka sakam mini ɗiyata, don Allah, don Annabi, ita kaɗai gare ni!"

"Ɗiyata, ni ban riƙe ta ba."

"To in ba ka riƙe ta ba mi zai hana ka tsallaka?"

Kowa a wurin ya san abin da tsallakawa take nufi. Maye ne ake sa wa ya tsallake wanda ya kama don kurwa ta dawo, wanda ya yarda ya tsallaka kuwa ya amsa laifi a gaban shaidu. Maigidana yana cewa, "Baba, kada ka yi! Baba, ka tuna da mu!" Baba ya dubi yarinyar, ya dubi uwar. Ya tambaye ta, in ya tsallaka za ta bari a tafi likita? Ta ce wallahi za ta bari. Wani daga baya ya yi ihu wai sai ya tuɓe. Baba ya cire hularsa ya miƙa wa ɗansa, ya tuɓe babbar rigarsa, ya cire takalmi. Tsoho mai furfura, mai ciwon gwiwa, wanda Turawa ke tashi tsaye in ya shigo ɗaki, ya tattare wandonsa ya tsallake 'yar mutane yadda suka ce. Ina bayan ƙofa na rufe fuskata da zane. Kafin in buɗe ya riga ya tsayar da kabu-kabu, ya rungumi yarinyar, uwar ta hau wani, suka nufi likita.

An yi mata ƙarin ruwa da allurai, ta tashi. Gari ya ce, kun gani, ya saki kurwar.

Ban taɓa jin maigidana ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba sai ranar. "Baba, ka kashe mu! Ina da 'ya'ya mata! Wa zai shigo gidan ga neman aure?"

"Na san abin da na yi," in ji Baba.

"Da ka tsaya ka yi musu bayani!"

"Bayanin da na yi shekaru ina yi ba su ji ba, shi za su ji yarinya na shure-shure? Na auna, ɗana. In na tsaya wanke sunana, kahin in gama ta mutu."

Ya karɓi hularsa ya shiga ɗaki. Abincin rana ya dawo yadda na kai shi.

Daga nan ya rage zama cikin gari. Ya daina sayen alewa, ya daina zaman ƙofar masallaci. Yakan tafi Jiratawa ya yi kwanaki a garkarsa ta zogale, cikin mutanen da suka san shi tun yana yawo ba wando, yana damunsu da tambayar ruwa nawa suka ba kowane fangali. Mu kuma a gida muka koyi sunkuyar da kai. In an yi suna ko biki a unguwa ba a gayyace mu ba, sai mu ce ai dama muna da uzuri. Uwar yarinyar nan ta tashi daga unguwar ba ta yi mana sallama ba. Ban riƙe ta a zuciya ba, tsoro ne ya yi mata yawa. Na fi jin haushin masu ilimin cikinmu da suka san gaskiya suka yi gum.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, muka dawo da shi gida. Wata safiya na kai masa kunu, na ajiye zan fita, sai ya ce in dakata. Bai taɓa yi mini magana kai tsaye haka ba. Ya juya fuskarsa bango, ni kuma na durƙusa a bakin ƙofa ina kallon ƙasa.

"Mutanen yaron nan za su zo," ya ce. "Ni ne ƙashin da ya tsaya musu a wuya, in na kauce za su zo. Na san bakinki, kin iya gardama. Kada ki yi ta a kaina."

Na ce, "Baba, ai ƙarya ce suke yi maka."

"Ƙarya ce. Amma duk ƙohwar da sunka buɗe, ki bi da yarinyar ta nan. Ni na riga na tsallaka, ba a tsallakawa da baya. Kin ji ko?"

Na ce na ji. Ya ce kunun ya yi kauri, gobe a sassauta.

Ranar sadakar bakwai suka zo. Mota ta tsaya a ƙofar gida, wata Hajiya, yayar mahaifin yaron, ta shigo da mata biyu, turarensu ya riga su. Aka shimfiɗa musu darduma a ɗakina. Gwaggo, ƙanwar Baba uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta zo daga Jiratawa, ita ce babba a gidan, ita ta zauna gabansu. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a. Hajiya ta ja carbinta, sannan ta ce ita ba ta iya kwana-kwana ba. Yaronsu ya nace, yarinya kuma ba wanda ya faɗi aibinta. Amma su gida ne mai yawan jikoki, kuma an gaya musu abin da aka gani da ido a ƙofar gidan nan. Suna so su ji daga bakin masu gida.

Na buɗe baki, Gwaggo ta riga ni.

"Hajiya, ke babba ce, kin san kan abin ga," ta ce. "Maita a nono aka shan ta. Ni da marigayi nono guda munka sha, ga ni, a je Jiratawa a tambaya ko na taɓa cin ɗan kowa. Tashi ba ta gado ba ce. Can ƙasar Nasara ya gamu da tsautsayi ya haɗiyo abinshi. Namiji kuwa bai ba da ita, kowa ya sani. Ɗanshi nonon uwarshi ya sha, yarinyar ga kuma nonon wagga ta sha, mutumniyar Tsibiri, a bincika danginta. Abin ya bi shi kabari, ya ƙare."

Wallahi sai na ga fuskar Hajiya ta saki. Matan da ke tare da ita suka dubi juna suna gyaɗa kai. Abin da suka zo nema ke nan, hanyar da za su ce to ba tare da sun ƙaryata gari ba. Gwaggo ta wanke kanta, ta wanke ɗiyata, ta wanke zuriya duka, da ruwan da ta wanke mu kuma ta yi wa ɗan'uwanta wanka na biyu.

Hajiya ta juyo gare ni. "Ke uwar ɗiya, ke kika zauna da shi. Haka abin yake?"

Duk maganar tana bakina. Allurar alƙibla, sahun ƙwayoyi, rariya, zazzaɓin sauro, na iya su kamar karatun da nake ba yara a aji. Na san kuma in na fara, Hajiya za ta saurara cikin ladabi, ta ce Allah Sarki, ta tashi, ba za mu sake ganin motar nan ba. Ba ta zo don a ce mata duk Maraɗi ta yi kuskure ba. A ƙarƙashin labulen ƙuryar ɗaki ina hango ƙafafun ɗiyata, ta tsaya cik, babban yatsanta na danne ɗaya.

Na ce, "Haka ne, Hajiya."

Aka ce alhamdu lillahi. Aka shafa fatiha. Kafin wata ya ƙare maza suka kawo goro, an sa rana bayan Salla.

 Maigidana ya ce na yi hankali. Gwaggo ta koma Jiratawa tana gaya wa mutane yadda ta ceci auren jikarta, kuma ba ƙarya ta yi ba. Na bi umarnin Baba, na sani, amma ban taɓa yin biyayyar da ta yi mini ɗaci irin wannan ba. Shekara da shekaru gari na faɗa, ba a taɓa samun wanda ya tabbatar daga cikin gidan nan ba sai ni.

To ga abin da na kasa faɗa a gaban Hajiya. Surukina bai taɓa cin kowa ba. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyara idon na'ura don kada a ga abu biyu a ce ɗaya ne, ya dawo gida ya faɗi sunan aikinsa da harshen uwarsa, ya ceci 'yar maƙwabta da abin da ya fi tsada a wurinsa. Na so in rubuta sunansa a nan da manyan baƙaƙe, in ce ga yadda ake kiransa. Na ɗora biro na kasa. Suruki ne, tunda aka kawo ni gidan nan bakina bai taɓa furta sunansa ba, ko mai irin sunan na gamu da shi sai in sakaya. Na ƙarya kowane ɗan kabu-kabu ya iya shi, na gaskiya kuwa ni da na san shi ba ni da bakin faɗa.

Allah Ka yafe masa, Ka yafe mana abin da muka yi masa, Ka sanyaya makwancinsa. Ranar da za a tashi kowa a kira shi, Ka sa a kira Baba da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa.